Sallar Matafiyi a Hanyoyin Karkara

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya hore wa bayinSa tafiya a kanta domin neman halaliya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, abin da ya jawo darasinmu na wannan mako wata tafiya ce da na yi kwanan baya zuwa ƙasar Gumel, a Jihar Jigawa, ranar wata Alhamis, wadda ita ce ranar da kasuwar Maigatari take ci. Wanda bai taɓa bin hanyar nan a irin wannan rana ba, da wuya a kwatanta masa. Tun gari bai gama wayewa ba manyan motoci suke jerawa domin ɗaukar shanu zuwa Kudu. Ga 'yan a-kori-kura an danƙare su da buhuna, mutane sun ɗare bisa kayan. Ga amalanken shanu, ga masu jakuna, ga mata ɗauke da ƙoren nono, ga kuma makiyaya daga ƙasar Nijar sun koro raƙuma da tumaki sun ƙetaro iyaka. Kowa da inda ya kwana, kowa da nisan da ya taso.

Da rana ta gusa aka kira Azahar, sai na shiga wani ɗan masallaci a gefen kara. A nan da kuma cikin motar da muka komo, na ga abu uku waɗanda suka tsaya mini a rai. Wani dattijo, wanda ƙauyensu bai wuce tafiyar awa uku a amalanke ba, ya yi raka'a biyu ya sallame. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, ai ni matafiyi ne, tun asuba nake bisa hanya, dubi ƙurar da ke jikina." Wani ɗan kasuwa kuwa da ya taso tun daga Kano ya cika huɗu shi kaɗai, ya ce shi mota ce ta kawo shi yana zaune, bai sha wata wahala ba balle ya rage wa Ubangiji salla. Na uku, su ne mafi yawa, ba su yi biyun ba, ba su yi huɗun ba. Ciniki ya ɗauke hankalinsu, mota ta cika, yaron mota yana ta buga ƙarfe, aka tashi. Rana ta faɗi muna kan hanya, kowa ya yi shiru, da niyyar in an isa gida a tattara su duka a biya kamar bashin mai kanti.

To, dattijon nan da ɗan kasuwar nan kuskurensu guda ne, ko da yake sun ba juna baya. Dukkansu sun ɗauka gajiya ce ma'aunin kasaru. Gaskiya ne sauƙaƙa wa matafiyi ita ce hikimar hukuncin, amma shari'a ba ta rataya shi a kan gajiya ba, domin gajiya ba ta da mudu. Abin da yake wahalar da tsoho wasa ne wurin saurayi. Sai aka rataya shi a kan abin da kowa zai iya sani, watau nisa da kuma niyya.

Asalin kasaru yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101, inda Allah Ya ɗauke laifi daga matafiyi idan ya rage salla. Ayar ta ambaci halin tsoron abokan gaba, shi ya sa wani sahabi mai suna Ya'ala ɗan Umayya ya tambayi Sayyidina Umar dalilin da ake ci gaba da kasaru alhali an sami aminci. Umar ya gaya masa shi ma abin ya taɓa ɗaure masa kai har ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka sanar da shi cewa wannan sadaka ce daga Ubangiji, abin da ya kamaci bawa shi ne ya karɓa. Saboda haka ɗan kasuwarmu na Kano ya lura: mai mayar da kyautar sarki ba ladabi ya yi ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda aka gina karatun zaurukanmu a kanta, kasaru sunna ce mai ƙarfi. Matafiyin da ya cika huɗu sallarsa ta yi, amma ya bar sunna, har ma an so ya sake ta raka'a biyu idan lokaci bai fita ba. Sallolin da ake ragewa kuwa uku ne kawai, Azahar da La'asar da Lisha. Asuba da Magariba suna nan yadda suke.

Game da nisa, littafin Risala da Muhtasar na Shaihu Halilu duk sun tsaya a kan mil 48 na lissafin mutanen da, abin da Larabawa suke kira baridi huɗu. An karɓo wannan daga aikin Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Abbas, an kuma kwatanta shi da irin nisan Makka zuwa Jidda ko zuwa Ɗa'ifa. A lissafin fatake, zango biyu ke nan na raƙumi mai kaya. Malaman wannan zamani da suka mayar da shi ma'aunin yau sun sa shi tsakanin kilomita 80 da 90. Akwai malaman da suka tafi a kan cewa duk abin da mutane suke kira tafiya a al'adarsu ya isa, muna kuma girmama su, amma ni dai ina ganin mutumin karkara ya fi samun natsuwa da iyaka sananniya, don kada kowane zuwa cin kasuwa ya zama gardama.

Mu auna da wannan. Daga Kano zuwa Maigatari ya haura kilomita 130, saboda haka wanda ya taso daga Kano matafiyi ne, ko da a cikin mota mai sanyi ya zo yana barci. Kakanninsa kwanaki suke yi da jakuna kafin su ci wannan hanya. Da aka kai layin dogo Nguru a 1930, ya ratsa ta Ringim da Malam Madori, kwanakin suka ragu, da kwalta ta zo suka koma awoyi, amma ƙasar ba ta tsuke ba. Daga Gumel zuwa Maigatari kuwa bai kai kilomita 30 ba. Mutumin Gumel da na ƙauyukan da ke kewaye ba su da kasaru, ko da a ƙasa suka taka, ko da ƙafa ta kumbura. Wanda ya yi raka'a biyu a irin wannan gajeriyar tafiya sallarsa ba ta yi ba, sai ya rama. Kuma ba a haɗa zuwa da dawowa. Wanda zai je gari mai nisan kilomita 50 ya juyo, kada ya ce ai ɗari ke nan. Zuwa dabam ake lissafa shi, komowa dabam.

Sai kuma wurin farawa, inda na ga mutane da yawa suna tuntuɓe. Mutum ya ɗaura kaya, ya yi sallama da iyali, ya zo tasha yana jiran mota ta cika. Mun san halin tashoshinmu, ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya, a yi awa biyu ana neman mutum ɗayan nan. Azahar ta yi, sai ka ga fasinja ya yi biyu wai ai ya riga ya fito. A'a. Muddin tashar tana cikin garinku, kai mazaunin gida ne. Ba a fara kasaru sai an wuce gidajen ƙarshe na gari, da lambunan da ke manne da shi waɗanda mutane suke zaune a ciki. Gonaki ba sa cikin lissafi. Mai zama a ruga kuwa, idan ya bar bukkokin rugarsu a baya ya fara. Haka nan a dawowa, yana kasaru har ya iso gidajen gari ko ya yi kusa da su ƙwarai.

Yanzu mu zo kan niyya, domin a nan ne rayuwar karkara take da rassa da yawa. Idan matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani wuri, waɗanda za su ƙunshi salloli 20, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika. Ɗan ci-rani da ya gama girbi ya killace hatsinsa a rumbu, ya nufi Kano ko Legas zai yi wata uku ko huɗu kafin ruwa ya sauka, kasarunsa a kan hanya take kawai. Ranar da ya sauka masauki ya zama ɗan gari, ko da a rumfar kasuwa yake kwana. Amma falken da ya kawo dabbobi ya sauka wurin fatomansa, an saya ba a biya ba, kullum ana ce masa gobe, shi kuma a shirye yake ya tashi da zarar kuɗinsa sun shigo hannu, wannan yana nan a kan kasarunsa ko da ya yi mako biyu, domin bai ƙulla niyyar zama ba. Malamanmu da irin wannan suka fassara zaman Manzon Allah na kwana 19 a Makka shekarar da aka buɗe ta, shekara ta 8 bayan Hijira, yana kasaru. Sai dai fa kada mutum ya yi wa kansa wayo. Idan ya sani a al'ada abin nan ba ya ƙarewa ƙasa da kwana huɗu, sanin nan ya zama niyya.

Wani abu kuma da yake yanke tafiya shi ne mutum ya shiga garinsu, ko garin da matarsa wadda ta tare take zaune, ko da wucewa zai yi. Direba ko ɗan kasuwa mai gida biyu, ɗaya a Gumel ɗaya a Kano, idan ya shiga kowanne daga ciki cikawa zai yi. A tsakaninsu kuwa kasaru zai yi, ko da kullum yana bisa hanya, domin malamai sun ce hatta mai tuƙa jirgin ruwa wanda yake yawo da iyalinsa a ciki yana kasaru.

Makiyayi kuwa, malaman fiƙihu ba su manta da shi ba, sun ware masa magana tasa. Wanda ya kora dabbobi yana neman ciyawa, bai san inda zai tsaya ba, duk inda ya sami makiyaya mai kyau nan zai ya da zango, ba ya kasaru ko da a ƙarshe ya yi tafiyar wata guda, saboda bai nufi nisan ba tun farko. Haka wanda ya fita cigiyar saniyar da ta ɓata. Amma idan ya tashi da rani ya nufi wani mashekari sananne, ya kuma tabbata ba zai tsaya ba kafin ya ci nisan kasaru, to, shi matafiyi ne tun daga barin ruga.

Mai karatu zai ce, to, dattijon nan mai amalanke fa, shi ke nan ba shi da wani sauƙi? Yana da shi, kuma wannan ne abin da na fi so a riƙe daga darasin yau, domin shi ne maganin kashi na uku, masu tara salloli sai dare. Sauƙin shi ne jam'i, watau haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha, a lokaci guda. A mazhabarmu an yi rangwamen jam'i a tafiyar tudu ko da ba ta kai nisan kasaru ba. Manzon Allah ya haɗa salloli a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa.

Ga yadda abin yake. Idan rana ta gusa kana sauke, a kasuwa ko a zango, za ka tashi, ka kuma san ba za ka sake sauka ba sai bayan faɗuwar rana, to, ka yi Azahar, ka tashi nan take ka yi iƙama ka kawo La'asar, ba nafila a tsakani, sa'an nan ka hau. Idan kuwa za ka sauka tun rana ba ta yi fatsi-fatsi ba, sai ka yi Azahar kaɗai, La'asar ta jira lokacinta. Idan saukar taka za ta faɗa tsakanin fatsi-fatsi da faɗuwar rana, an ba ka zaɓi game da La'asar. In kuma rana ta gusa kana bisa hanya, kana sa ran sauka kafin ta yi fatsi-fatsi ko daidai lokacin, sai ka jinkirta su duka ka haɗa idan ka sauka. Idan tafiyar za ta zarce haka, sai a tsaya sau ɗaya a ƙarshen lokacin Azahar, a yi ta, kafin a sallame La'asar ta shigo, a bi da ita. Magariba da Lisha ma haka tsarinsu yake. Wanda tafiyarsa ta kai nisan kasaru ya haɗa biyu-biyu, wanda ba ta kai ba ya haɗa huɗu-huɗu. Da mutanen motarmu sun san wannan, minti goma kafin a tashi ya ishe su, da rana ba ta faɗi da bashin salla biyu a wuyansu ba.

A nan ina da magana da direbobi. Na sha ganin motar da za ta tsaya rabin awa wurin mai tsire ko mai shayi, amma idan wani ya ce a tsaya salla sai a ce ana sauri. Mutanen da ka ɗauko amana ne a hannunka, jikinsu da sallarsu. Fasinjoji su ma su buɗe baki tun a tasha, a yi sharaɗi kafin a biya kuɗi. Sa'an nan idan an tsaya, a tuna da mata. Sau da yawa maza suna sauka su yi sahu a gefen hanya, mata suna zaune a mota da goyo, kunya ta hana su magana, ba wanda ya miƙa musu buta. Sallar da ke kanka ita ce ke kanta.

Idan matafiyi ya tarar da jam'in 'yan gari ya bi limaminsu, ya kuma sami raka'a guda cikakkiya, lalle ne ya cika huɗu tare da shi. Idan matafiyi ne ya yi limanci, sai ya sallame a biyu, 'yan gari su tashi su cika. Sallar da ta kuɓuce a tafiya kuwa biyu ake rama ta ko da an komo gida, wadda ta kuɓuce a gida huɗu ake rama ta ko da a kan hanya.

Saura maganar ruwa, wadda ita ce hujjar da aka fi kawowa da rani. Da farko ba kowane ruwa mai launi ne ya ɓaci ba. Ruwan tabki ko kududdufi da ya yi ja saboda laka, ko ya yi kore saboda gansakuka, ko ya yi ɗanɗanon kanwa saboda ƙasar wurin, duk ana alwala da shi, domin mazauninsa ne ya sauya shi. Rijiyar daji da ganye ko kara ya faɗa ciki har ya sauya ta, manyan malamai sun yi rangwame a kanta saboda wuyar kiyayewa. Amma mashayar da kashin dabbobi da fitsarinsu suka sauya mata launi ko wari ko ɗanɗano, ba a alwala da ita. Idan ruwan sayarwa ne, kamar ruwan leda ko na 'yan ga-ruwa, a kan farashin da aka saba, kana kuma da kuɗin da ba ka bukatarsu don guzuri, wajibi ne ka saya. Idan ɗan abin da ke cikin jarka ko salka shi ne na sha, kana tsoron ƙishirwa ga kanka, ko abokin tafiya, ko dabbar da kake kora, to, ka bar shi ka yi taimama. Shari'a ta gabatar da maƙogwaron jakinka a kan alwalarka.

Taimama tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 6, dalilin saukarta ma tafiya ce, lokacin da abin wuyan Nana A'isha ya ɓata ayari ya tsaya nema a wurin da ba ruwa. Ana yin ta da ƙasa mai tsarki, ko rairayi, ko dutse. Ba a yi a kan tabarma ko katakon mota ko buhu. Wanda ya fid da rai da samun ruwa ya yi salla a farkon lokaci, mai kokwanto a tsakiya, mai sa rai ya jinkirta zuwa ƙarshen lokacin zaɓi. A kuma lura, taimama ɗaya farilla ɗaya take ɗauka, saboda haka mai haɗa Azahar da La'asar sau biyu zai buga ƙasa, kowace salla da tata.

Da damina kuwa matsalar takan juya, ruwa ya yi yawa, wurin sa goshi ya gagara. Wanda lokaci ya kama shi cikin taɓo, a fadama ko inda mota ta kafe, ba busasshen wuri, sai ya yi salla a tsaye yana fuskantar alƙibla, ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. In sauka ma ba ta yiwuwa, ya yi a bisa abin hawansa. Wannan rangwame ya haɗa da mai tsoro. 'Yan'uwanmu na waɗansu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato sun san dazuzzukan da ba a tsayawa a cikinsu saboda 'yan bindiga. Wanda yake cikin irin wannan hanya, idan jam'i ya samu kafin a shiga ko bayan an fita, shi ne ya fi. Idan bai samu ba, lokaci kuma zai fita, ya yi sallarsa a zaune inda yake, da nuni, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko, in kuma ya sami aminci tun lokaci bai fita ba ya sake ta a ƙasa.

Hukuncin azumin matafiyi da na tafiya ranar Juma'a, musamman ga masu cin kasuwannin da suke ci a wannan rana, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.